Burodin da Saloma Ta Ƙi Ci

Tunda aka haifi Saloma Peachey ba ta san ɗanɗanon nama ba. Cutar gado gare ta: jikinta ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin nama, madara, ƙwai da gyaɗa, in ya taru kuwa ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Shekara ashirin da tara ke nan tana kan ganye da 'ya'yan itace, sai wani garin asibiti da take damawa a kwalba, mai warin jiƙaƙƙen buhu.

Makon jiya likita ya ce ƙodarta ta fara gajiya. Ko yawan garin ne, ko cutar ce, shi ma bai tabbatar ba. Ya ce ta rage gishiri, ta yawaita ruwa, ta raba garin kashi biyar, ta riƙa zuwa duk wata. Bai ce ta daina ba. Amma mijinta Ammon, bawan Allah da cikinsa ba ya riƙe magana, ya biya ya gaya wa uwarsa. Kafin keken dokinsa ya iso gida, labari ya koma garin asibiti ya cinye ƙodar Saloma.

Abu ɗaya ne bai faɗa ba, tana da cikin wata uku. A cikin jama'arsu ta Amish, Kiristocin kwarin nan masu riƙo da tsohuwar al'ada, ba a ambaton ciki, sai dai kowa ya yi kamar bai gani ba har a ji kukan jariri. Saloma kuwa ta san in ta saki garin, ɗan cikin ne zai kwana a ciki. Ta gani a kan 'yar baffanta Lovina, mai irin cutarta, wadda ta bar garin tana da juna biyu don kada a ce ta cika iyayi. Ɗan ya shekara bakwai bai taɓa cewa Mama ba.

Ran Lahadi a gidan surukarta Drusilla aka yi ibada. Da aka tashi, aka harhaɗa bencuna suka zama tebur, aka jera burodi, cuku da markaɗen gyaɗa mai zaƙi. Saloma ta fito da kwalbarta.

Drusilla ta shafe burodi da gyaɗa ta dire mata. "Ajiye gubar nan, 'yar nan. Ci abincin mutane."

"Na gode, Mama. Ba zan ci ba."

"Iye! A teburina? Garin ya kashe miki ƙoda, yanzu kuma kunyar ya cinye?"

Wata tsohuwa ta sa baki. "Girman kai ne kawai. Mu da muka tashi da madarar shanu ga mu nan daram."

Tsoro ya kama Saloma, don ƙodar nan tata ce, kuma tana son ranta. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Ta miƙe tsaye.

"Mama, ciki gare ni. Wata uku."

Cokali ya faɗi. 'Yan mata suka sunkuyar da kai.

Drusilla ta ce, "Saloma! A gaban jama'a?"

"A gabansu. Ƙodata likita na dubawa, zan sha ruwa har in gaji. Amma ɗan nan da hankalinsa zai zo. Mai jin kunya ya ji, ni na gama."

Ta kafa kai ta shanye kason tsakar rana, tana yamutsa fuska. Burodin na nan gabanta, Drusilla ta ƙi ɗaukewa.

Daga ƙarshen benci Lovina ta taso. Ta janye farantin burodin, ta cika kofi da ruwa ta ajiye a gurbinsa.

"Sha," ta ce. "Ni kunya na ji, na bar garin."