Yammacin da Malam Ya Riƙe Gorar Eriya

"Hagu, Baba! Hagu! A'a, ka wuce, dawo kaɗan!"

Yaran layinmu ne ke wannan ihun, sun cika falon maƙil, wasu a kan tabarma, wasu a kan cinyar wasu. Baba Albert yana waje a bayan taga, ya rungume doguwar gorar da aka ɗaure eriyar talabijin a kanta, yana murɗa ta yana dariya har da tari.

"Ya yi?"

"Ya yi! Kada ka motsa!"

"To, na zama turke," in ji shi.

Haka muke kusan kullum da yamma. Ni ce Rahamatu, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa a Samaru. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, mutumin kudancin Kaduna, ya ƙare ƙuruciyarsa a kwatas ɗin Sabon Gari. Da ya yi ritaya ya sayo talabijin a wani kanti can, aka kawo ta a bayan akori-kura naɗe da bargo. Ita kaɗai ce a duk layin. Matsalarta ɗaya: iska kaɗan sai ta kawar da eriyar daga saitin Kaduna, hoto ya watse. Shi ya sa mai ita ya ajiye kujerarsa a gindin gora, sauti kawai yake ji ta taga.

Na taɓa ce masa, "Baba, kai ka saya, kai ne kuma ba ka kallo?"

"'Yata, ni na gama kallon duniya ta tagar jirgi. Wannan hayaniyar na saya. Tun da matata ta rasu, gidan nan ya yi shiru da yawa."

Mutum ɗaya ne bai ga abin dariya a lamarin ba, shi ne maigidana, Malam Jafaru, malamin firamare. Shekarar ce gwamnati ta buɗe karatu kyauta, aji ya cika har bakin ƙofa, ga shi kuma rabin ajin na gyangyaɗi.

"Ka tambayi yaro bakwai sau takwas, sai ya rera maka tallan sabulu," yake cewa. "A fita hutun ƙarfe tara kuma, sai kokawar Turawa, wannan ya maƙure wancan."

Ba ƙarya ya yi ba. Fatsumarmu ma na sha ɗauke ta tana barci a kan littafi. Sai ya kafa doka: 'ya'yansa ba su ba gidan Baba sai ranar Asabar. Da dokar ta yi ƙarko in da uwar 'ya'yan ba ta kamu ba. Kullum ina da abin da zan aro wurin Edith, 'yar Baba da ke kula da shi. Na ari rariya har sai da ta ce don Allah in riƙe ta gaba ɗaya, in zo da wani dalilin.

Duk da haka, mutanen nan biyu ba sa iya wuni ba su ga juna ba. Da safe, lokacin da talabijin ke rufe da mayafinta, sai su zauna a dakali su ɗora musu daga inda suka tsaya jiya. Musun kuwa a kan Tabitha ne, 'yar Edith, wadda Malam ya koyar tun daga aji ɗaya, yanzu kuma tana makarantar kwana a Kaduna. Baba ya ce Turancin da ke bakinta daga masu karanta labarai ta ɗauka. Malam ya ce shi ya sa mata shi da alli, akwatin nan bai ƙara mata komai ba sai ciwon ido.

Da farkon damina ƙafafun Baba suka kumbura. Aka kai shi asibiti, aka sallamo shi da magani da kalamai masu taushi, muka gane zuciyar ce ta gaji. Kujerar gindin gora ta koma hannun ɗaliban jami'a da ke haya a gidan gaba. Malam yana zuwa duba shi kullum, amma da safe kawai.

Ana cikin haka wata malamar makarantar su Tabitha ta biyo da albishir: an zaɓe ta cikin masu wakiltar makaranta a gasar kacici-kacici, za a nuna a talabijin ranar Alhamis kafin magariba. Baba ya yunƙura daga filo.

"Wannan kam zan kalla da idona. In mutuwa ta zo, Edith, ki ba ta kujera ta jira a waje."

Muka yi dariya. Ranar Laraba ko kunu bai iya sha ba. Ni da Edith muna haɗa ido sai kowa ta kawar da kai, don mun san abin da muke tsoro.

Alhamis ta riske shi yana numfashi. Muka jawo gadonsa falo, muka ɗora talabijin a kan teburi dab da shi saboda idonsa ya yi rauni. Sai ga hadari bayan azahar, da iska mai kwashe kwanon rufi. Da ta lafa muka fita, muka tarar wayar da ke ɗaure da gora ta tsinke, gorar ta kwanta a jikin rufi. Ɗalibai sun tafi hutu, mazan layi ba su dawo daga aiki ba. Ni ina da tsohon ciki, Edith kuma ita ke tallafe bayan mahaifinta. Aka kunna, ba komai a gilashin sai fari-fari da ƙara. Baba ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce a hankali, "Ba komai. Ku kashe."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Sai muka ji sallama. Malam ne ya dawo daga masallaci da laima, ya zo kora iyalinsa gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, don ƙafarsa ba ta taɓa shiga falon nan ana kallo ba. Ya dubi Baba, ya dubi gilashin, ya juya ya dubi gorar. Sai ya miƙo mini laimar, ya cusa hularsa a aljihu, ya naɗe hannun riga ya zagaya bayan taga. Tsawa ta wuce, saura yayyafi da iska. Ya sa kafaɗa ya ɗaga gorar ta miƙe.

"Ina zan juya abin nan?"

Na tsaya a taga. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ba mutumin nan umarni ya bi ba sai ranar, kuma na more.

"Hagu, Malam. Na ce hagu! Kai da kake koya wa yara hagu da dama?"

"Rahamatu, ki kiyaye ni."

"Tsaya nan! Kada ka yi ko numfashi!"

Hoto ya fito tar. Ga ɗalibai a jere bayan teburi, ga Tabitha ta biyu daga gefe, da kitsonta da farar riga, tana ta ƙifta ido. Falon ya ɗauki ihu. Baba ya ce, "Kai, ji yadda suka mai da ita 'yar mitsitsiya! Ba sa ba ta abinci ne?"

Da Turanci ake tambayoyin, Edith na fassara mana tana kuka tana dariya. Aka tambayi garin da layin dogo ya rabu, ɗaya ya nufi Jos, ɗaya Kaduna. Tabitha ta ce Kafanchan tun kafin mai tambaya ya rufe baki.

"Ki gaya wa Malam wannan nawa ne!" in ji Baba.

Na gaya masa. Aka zo kan lissafi, ta amsa daidai, na leƙa na sanar da shi.

"Wannan kuma na wa?" ya ɗaga murya, ruwa na bin gemunsa. "Tambaye shi!"

"Na ba shi," in ji Baba.

Can aka yi mata wata tambaya kan wani kogi a ƙasar waje, ta yi shiru har aka buga ƙararrawa. Da na faɗa wa Malam, ko jinkiri bai yi ba. "Wannan na akwatin ne!"

Baba ya yi dariya har sai da Edith ta ba shi ruwa. Makarantarsu ba ita ta ci ba, amma a layinmu har yau ba wanda ya yarda da haka. Malam ya shigo sharkaf, bai ga ko ƙyallin yarinyar ba, ya durƙusa a bakin gadon, Baba ya kama hannunsa ya riƙe. Yara kuma suka kewaye su kowa na ba Malam labari a lokaci guda.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya sha kunu, ya ce a buɗe masa taga. Edith ta je wanke kofi ta dawo, ta ɗauka barci yake yi, ashe rai ya yi halinsa. Malam ne ya je Sabon Gari ya sanar da tsofaffin abokan aikinsa da mutanen cocinsu, ya dawo idonsa jawur, ya ce wai ƙura ce, alhali an kwana ana ruwa.

Tabitha ta iso washegari a motar haya. Ta gaisa da masu zaman makoki, ta shiga falo inda nake tare da mahaifiyarta, ta ajiye jakarta. Ta riga ta yi kukanta a hanya.

"Inna Rahamatu, ki gaya mini gaskiya. Ya gan ni?"

"Ya gan ki, har ya ce kin rame."

"Idonsa fa ba ya gani sosai."

Edith ta tashi ta ɗaga mayafin talabijin, wanda ba a taɓa ba tun ranar Alhamis. A gefen gilashin akwai shatin yatsu, na man kaɗanyar da take shafa masa a hannu.

"Nan fuskarki take," ta ce. "Ya miƙa hannu ya taɓa ki."

Tabitha ta durƙusa a gaban teburin. Hasken taga ya faɗa kan gilashin, fuskarta ta fito a ciki, ta matsa kaɗan har yatsun suka zo daidai kumatunta.