Zabi Bakwai na Nyohini

A shekarar tamanin da uku, shekarar da ruwa ya ƙi sauka wutar daji kuma ta lashe gonaki, ina aikin girki a wani masaukin manyan baƙi a Tamale. Sunana Hawawu, gidanmu a unguwar Nyohini. Tuwo sau ɗaya muke ci a wuni, shi ma in an samu. 'Ya'yana biyu har sun daina tambaya, sai dai su bi hannuna da ido in na dawo.

Sai aka ce Mista Nortey zai sauka a wurinmu. Shi ne ciyaman na kwamitin da aka ɗora wa rabon masarar agaji a ƙasa baki ɗaya. Unguwar da sunanta ya shiga takardarsa ta ci, wadda aka tsallake ta sha ruwa ta kwanta. Magatakardansa, wani siririn mutum mai suna Jonas, ya riga shi zuwa duba ɗaki, shi ya gaya mini da bakinsa cewa Nyohini tana ciki. Ranar nan, da gudu na koma gida.

Da yamma limaminmu, Afa Abdul-Fatawu, ya aiko a kira ni. Dattawa na zaune a ƙofar masallaci.

"Hawawu, ke kina gani su kullum," ya ce. "Babban mutum irin wannan, mi shi ke so? Ba mu tafi gaishe shi hannu wofi."

Haka muke. Ba a gaida babba ba a riƙe da komai, kuma baƙo ba ya ganin tsiraicin gida, ko da gidan ya kwana uku ba a hura wuta ba. Ni kuma da rawar kaina, don a ce na san manya, na buɗe baki na ce mutanen kudu ba abin da suke so a arewa kamar zabo.

Aka bi gida gida aka tara zabi bakwai, su ne suka rage a unguwar. Ɗaya tawa ce, wadda ƙwanta ke riƙe da 'ya'yana. Imoru, maƙwabcinmu, ya tono irin doyar da ya ɓoye don shuka ya haɗa. Dattawa suka ciro batakarinsu, wato rigunan saƙi na salla, daga ƙasan akwati, mata suka mulke yara da man kaɗe har suna ƙyalli, aka kira makaɗa. In ka gan mu ranar, ka rantse daga biki muke.

Ciyaman ya iso da motoci huɗu. A rediyo muryarsa kamar ta wanda ya kwana yana kuka saboda talakawa. A ido kuwa, wuyansa ya ninku uku a kan kwalar riga, yana tafe yana share gumi da farin hankici. Ya karɓi gaisuwa a tsaye, ya dafa ƙirji, ya ce shi ma yunwar nan ta hana shi barci. Aka miƙo mini zabin ta ƙofar baya, ni na fige su, har da tawa.

Da azahar na kai abinci ɗakinsa. Su biyu ne, shi da Jonas, an rufe ƙofa, fanka na juyawa. Na yi shekara tara ina girki a gidan wani likita a Kumasi, ba Turancin da za a yi a gabana ya wuce ni. Amma wa ke tambayar mai ɗaukar kwano abin da ta sani? Ina tsaye da ruwan wanke hannu, suka ci gaba da zancensu kamar kujera ce a wurin.

"Turawan masara suna zuwa jibi," in ji Ciyaman, yana yagar cinya. "Ka nemo mini ƙauyen da ya fi muni, yara masu kumburin ciki, a tsayar da su a rana. In ba su ga haƙarƙari ba, jirgin masara na biyu ba zai taso ba."

"Ƙasashen gabas na 'yan gurguzu fa, ranka ya daɗe? Sun ji muna karɓar masarar ƙasashen yamma, ransu ya ɓaci."

"Su ma ka ce musu mu nasu ne. Wancan mu kira shi aboki, wannan mu kira shi ɗan gwagwarmaya. Wancan ya kawo masara, wannan ya kawo tarakta. Kai dai kada ka haɗa su a falo ɗaya."

Suka yi dariya. Ya tsotse ƙashi, ya shiga lissafa abin da ke damunsa: motocin kwamiti sun tsufa, ba za a tari baƙin waje da su ba, ɗakin taro na Accra yana son sabon kafet da na'urar sanyi, akwai taron yaƙi da yunwa a Turai, shi da mutum goma sha biyu za su je. Duk daga asusun dakon masara za a cire, saboda haka manyan motocin da za su hauro arewa sai an rage su.

"To a ina za mu rage?" Jonas ya buɗe takarda.

"Ba a taɓa inda ake ihu. Ma'aikatan tashar jirgin ruwa, ɗalibai, barikin soja, waɗannan in cikinsu ya yi ƙara kujerata ce ke girgiza. Mutanen arewan nan kuwa akwai haƙuri." Ya ɗaga ƙirjin zabo yana dubawa, mai na bin yatsunsa. "Waɗanda suka kawo wannan, wace unguwa ce?"

"Nyohini."

"Ka ga rigunansu? Ka ga yaransu sumul? Mai zabi bakwai da doya na kyauta ba ya jin yunwa. Soke su."

Na ji ƙarar alƙalami a kan takarda, ƙiii, sau ɗaya.

"Masa," na ce, yadda muke kiran iyayen gida a wurin aiki, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Zabin nan, su ne na ƙarshe. Babu saura ko ɗaya. Doya ma iri ne."

Sai a lokacin ya lura akwai mutum a ɗakin. Bai ma ji kunyar cewa na ji zancensu ba. Ya yi murmushin nan nasa na rediyo, ya tsoma hannu a ruwana.

"Ka ji su ko, Jonas? Ba sa son a san suna da shi." Ya tura mini farantin ƙasusuwa. "Mami, girkinki ya yi daɗi. Kai wa yara."

Na raina mutumin nan rainin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, har yau kuma bai ragu ba. Amma na ɗauki farantin. Ina da 'ya'ya biyu.

A waje dattawa na zaune gindin dalbejiya cikin zafin rana, da batakarinsu masu nauyi, tun safe ba wanda ya sa komai a baki. Afa ya taso da sandarsa.

"Hawawu, ya ci?"

"Ya ci, Afa."

"Ya ji daɗi?"

"Har ƙashi ya tsotse."

Ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Mun fita kunya."

Na dubi fuskarsa, na dubi Imoru da ke washe baki a bayansa, na haɗiye sauran maganar. Da wane baki zan faɗa, ni da na ce a kai zabo?

Bayan sati uku motocin masara suka shigo Tamale. Muka fito bakin titi da buhuna da kwanoni, muka tsaya muna kallonsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta rage gudu. Damina ta zo Imoru ba shi da abin shukawa, ya tattara ya tafi kudu ƙwadago. Ƙaramin ɗana ya daɗe yana zagaya bayan ɗaki yana duba inda zabuwa ke yin ƙwai.

Da motar ƙarshe ta ɓace, Afa ya daɗe a tsaye yana kallon titi. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa ƙasa don kada sauran su ji.

"Laifi namu ne, 'yata," ya ce. "Bakwai ya yi kaɗan ga babban mutum. Da mun haɗa shi da akuya."