Bayan Gajeriyar Rashin Lafiya

Kaltume ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba sai ranar nan, a zauren Dagacin Tsamiyar Dabo. Wata 'yar baƙar na'ura aka ajiye a kan tabarma, ba ta kai tafin hannu ba, sai ga Kaltume a ciki tana magana, har da shaƙewar murar da ta yi fama da ita makonni uku da suka wuce.

"Da hannuna na wanke mata bakwai cikin kwana tara. Ban da maza, ban da yara. In wannan ne zazzaɓin damina, to ni ban taɓa ganin damina ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya danna na'urar ta yi shiru. Su biyu ne daga birni, cikin shadda mai maiƙo, motarsu a ƙofa babu lamba. Ba su faɗi sunansu ba, Dagaci kuma bai tambaya ba. Gyara rawani kawai yake yi kamar shi aka kawo ƙara.

"Inna, muryarki ce wannan?"

"To ta wa za ta zama? Ta akuyar Dagaci?"

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. Ta gane na'urar. Ta Mika'ilu ce, ɗan ƙaninta, wanda ta goya tun rasuwar uwarsa, ma'aikacin wani gidan rediyo a Kano. In na'urar tana nan, shi yana ina?

A daminar shekarar, wadda mudun gero ya gagari talaka, amai da gudawa suka shigo garin. Mutum ya wuni a gona yana noman gyaɗa, kafin azahar ta gobe an kai shi makwancinsa. Kaltume ce mai wankan gawar mata a garin, shekara talatin, don haka babu wanda zai koya mata lissafin mamata. Amma kullum rediyo cewa yake hukuma ta tabbatar babu wata annoba, zazzaɓi ne na damina, kuma an shawo kansa. Haushi ya sa ta aika wa Mika'ilu, shi da yake cikin masu shirin nan na ranar Alhamis mai tona abin da aka binne. Ya zo a kan babur, taɓo har gwiwa. Ya ɗauki maganarta, ya ɗauki ta Luba maƙwabciyarta da ta rasa 'ya'ya biyu rana ɗaya. Ya ɗauki ta Asama'u, malamar asibitin garin, wadda ta buɗe masa ɗakin magani ya ga babu ko ledar ƙarin ruwa ɗaya, bayan ya rantse mata ba wanda zai ji sunanta.

Alhamis uku mata suna taruwa a gidan Kaltume, Alhamis uku ana sa musu waƙa.

"Abin da muke so mai sauƙi ne," in ji baƙon. "Ki ce tsufa ne, kin yi kuskuren lissafi. Yaɗa jita-jita laifi ne, Inna."

"Ni ban yi boko ba, amma na iya ƙirga zuwa bakwai. Ku tashi mu je maƙabarta, ƙasar ma ba ta bushe ba. In da wadda ta tashi ta koma gidan mijinta, sai mu cire ta."

"Kaltume!" Dagaci ya daka mata tsawa. "A gaban manya kike."

"Ranka ya daɗe, ta huɗu a cikinsu surukarka ce."

Dagaci ya sunkuyar da kai. Baƙon ya yi murmushi, ya sake danna na'urar. Wannan karon muryar Asama'u ce, ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"Wannan fa wace ce?"

"Kunnena ya tsufa," in ji Kaltume. "Ai yanzu kuka ce na tsufa."

Ba su matsa mata ba. Malamar asibiti ɗaya ce tak a garin. Kafin Juma'a ta zagayo takarda ta iso, an dakatar da Asama'u daga aiki, aka sa wa asibitin kwaɗo. Ranar da take ɗaure kayanta Kaltume ta je yi mata sallama. Yarinyar ba ta ɗago ba, ta ce kawai, "Inna, ya rantse mini fa."

* * *

Mota biyu Kaltume ta hau, ɗaya zuwa Bici, ɗaya zuwa Rijiyar Zaki a Kano, tana tafe tana shirya faɗan da za ta yi wa Mika'ilu. Rahmatu matarsa ce ta buɗe ƙofa, idanunta a kumbure. Mika'ilu yana zaune a tsakar gida, ƙafarsa ɗaya a miƙe kan kujera 'yar tsuguno. Ya yunƙura zai durƙusa, ya kasa.

"Zauna," ta ce. Rabin faɗan ya zube a nan, amma rabin ya rage. "Kai wane irin mutum ne? Ka ɗauki amanar mutane ka miƙa wa masu shadda? Asama'u marainiya ce, ita ke ci da ƙannenta huɗu!"

"Gwaggo, kwanana biyar a hannunsu."

"A hannun su wa?"

"Ni ma ban sani ba. A bakin gidan rediyo suka ɗauke ni. Da na fito, kowane ofishi aka je sai a ce ba su san da zancen ba."

Ya ba ta labarin ba tare da ya dube ta ba. Ya gama haɗa shirin, saura kwana ɗaya a sa, aka bugo wa shugaban gidan waya daga sama. Aka tuna masa cewa lasisin gidan ya kusa ƙarewa, kuma tallan hukuma ne ke riƙe da ma'aikata arba'in. Shugaban da kansa ya buɗe durowa ya ba da na'urar.

"To sauran 'yan'uwanka 'yan jarida fa? Duk garin Kano babu mai baki?"

Ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji. "Mu huɗu ne a shirin nan. Ɗaya yanzu shi ke rubuta wa wani babba jawabi. Ɗaya yana sayar da waya a kasuwa. Ɗayan ya bar ƙasar. Na kai wa jaridu uku labarin, kowa ya karanta ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya tsare gaba."

"Kai kuma fa?"

"An soke shirin. An mai da ni sanarwa. Ɗaurin aure, suna, cigiya, rasuwa."

Kaltume ta tafa hannu. "Shekara nawa ubanka yana sayar da tumaki kana jami'a, ashe sanƙira muke rainowa!"

Rahmatu ta ajiye kwanon fura da ƙarfi. "Gwaggo, don Allah ki bar shi haka. Kwana biyar ina yawo da goyo ina tambaya ko yana raye. In suka sake ɗaukarsa, wa zai yi shiri a kansa?"

Kaltume ta dubi ƙafar nan da ta kumbura kamar ganga, ta ji haushin ya rasa inda zai sauka. Ba a kan yaron ba, ba a kan matarsa ba, waɗanda suka cancanta kuwa ko suna ba su da shi.

Can Mika'ilu ya jawo takarda da biro.

"Gwaggo, sanarwar rasuwa ba laifi ba ce. Faɗo mini sunayensu duka. Zan karanta su a jere, in ce duk 'yan Tsamiyar Dabo ne, duk cikin wata guda. Mai hankali zai gane."

"Mika'ilu!" in ji Rahmatu.

"Suna ne kawai, Rahmatu."

Kaltume ta fara lissafowa gida-gida, daga bakin masallaci zuwa hanyar Kunci. Ashirin da uku. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

* * *

Ranar Talata da hantsi, bayan Kaltume ta koma gida, Luba kaɗai ta shigo. Sauran matan mazajensu sun hana su taka gidan Kaltume tun zuwan motar nan. Suka zauna a gindin turmi, rediyon a tsakaninsu.

Aka gama tallan taki, sai ga muryarsa. Ya yi salati, ya fara. Dabo mai kilishi. Hure matar Liman. Furera Muhammadu Sani. Yana karantawa a hankali, yana ba kowane suna haƙƙinsa. Da ya zo kan 'ya'yanta Usaini da Maijidda, Luba ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Ya kai na ashirin da uku ya tsaya. Kaltume ta matso da kunnenta. Aka ji motsin takarda, da wata murya can nesa da ba tasa ba. Shirun ya yi tsawo har ta ɗauka batir ne ya mutu.

"Dukkansu sun rasu," in ji Mika'ilu, muryarsa a dushe, "a lokuta daban-daban, bayan gajeriyar rashin lafiya. Allah ya jiƙansu."

Kiɗan sanarwar biki ya biyo baya.

"Inna," in ji Luba, "bai faɗi garin ba."

"Na ji."

"To wa zai san namu ne?"

Luba ta share fuska ta miƙe, don rana ta yi kuma randarta babu ko ɗigo. Ta ɗauki guga da bokiti ta nufi rijiyar bayan gari, wadda ambaliya ta malala cikinta tun farkon damina. Duk garin babu wata.