Laka a Ƙafar Baba

Sista ake ce mata a cibiyar masu buƙata ta musamman, ko da yake ba allura take yi ba. Aikinta gashi ne: ta murza ƙafar da ta sandare, ta miƙar da hannun da ya naɗe, ta koya wa babba tafiya kamar yaro. Da gwamnatin jiha ta gina sabuwar cibiya, ita ta fi kowa murna, domin a ɗakin ƙasa an yi wani kwami mai faɗi, an shafe shi da shuɗin tayil, aka ce a ciki marasa lafiya za su riƙa motsa jiki. Zurfinsa bai wuce ƙugun mutum ba.

Ruwan ne dai babu. Kuɗin aikin ya ƙare a fenti da fitilu kafin a jawo bututu, unguwar kuma dama famfunanta sun daɗe da bushewa. Kwamin ya zama wurin ajiye karyayyun kekuna.

A da wani tafki ne a wurin, ma'aikatar muhalli ta cike shi da ƙasa saboda sauro da shara. A bakin tafkin nan mahaifin Sista ya yi sana'ar wanki har gashinsa ya yi fari, da ita ya yi mata makaranta. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Kullum tana tura shi a keke zuwa wurin aiki, don ba ta da wanda za ta bar wa shi a gida.

Wata safiya ta buɗe ɗakin ƙasa, sai sanyi ya daki fuskarta. Kwamin cike yake taf. Ruwan ya kwanta luf, kore-kore, kekunan suna nutse a ƙasa, ɗakin yana warin ciyawa da danshi.

Ta kira mijinta a waya, shi direban tankar hukumar ruwa ne.

"Baban yara, ku kuka kawo mana ruwa?"

"Wane ruwa? Motar ma tana gareji, an ce babu kuɗin mai."

"To kwaminmu ya cika."

Ya yi dariya. "Ki gode wa Allah mana. Ki ɗebo mana jarka biyu in za ki taho."

Mai Katin Waya ne ya fara shigowa ɗakin. Shi gurgu ne tun yarinta, yana sayar da kati a bakin ƙofar cibiyar, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙa ya ce, "Sista, ashe gwamnati ta fara aiki da aljanu. Gara su, ba sa jiran kasafin kuɗi." Aka yi dariya, aka tsamo kekunan. Daraktan cibiyar ya sauko ya duba, ya ce ƙila wani tsohon bututu ne ya fashe a ƙasa, ya hau sama ya buga wa ma'aikatar lafiya waya cewa kwami ya fara aiki.

Sista ta ɗan yi jim kafin ta sa kowa a ciki. Amma ta ga yadda mahaifinta yake kallon ruwan. Ta cire masa riga, ta rungumo shi, suka gangara tare.

Ruwan na kaiwa ƙugunsa ya tsaya da ƙafafunsa. Ya ture hannunta a hankali.

"Uwata," ya ce, "sake ni."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Rabon da ta ji wannan kira tun ranar da ya faɗi. Muryar ta fito tas, babu karkacewa. Ta toshe bakinta da hannu, hawaye na zuba.

"Baba, ka yi magana!"

Bai kalle ta ba. Bango yake kallo, can ƙarshen kwamin, yana murmushi yana gyaɗa kai irin na mai amsa gaisuwa.

"Lafiya lau," ya ce. "A'a, ban manta da ku ba. Jiki ne ya hana."

"Da wa kake magana, Baba?"

"Abokan aiki. Sun ce an danne su da yawa."

Da ta fito da shi, ƙafar ta sake mutuwa, bakin ya koma yadda yake. Ta yi ta tambayarsa, sai ido.

Labari ya bazu. Matan unguwa suka riƙa zuwa da bokitai, ana ɗiba tun safe har yamma, ruwan bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Kwamishina ya zo da 'yan jarida ya yanke kirtani, ya ce wannan shaida ce gwamnati ba ta manta da nakasassu ba. Mai Katin Waya ya tafa har ya fi kowa, amma da Sista ta ce ya shigo a gasa masa baya, ya ja kekensa da baya.

"Ni dai a'a. Jiya na leƙa, na ga inuwar kowa a ciki ban ga tawa ba. Ƙila ta ga ruwan ta gudu ta bar ni." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Sauran marasa lafiya ba su ji wani canji ba, sai sanyi da suka ce yana shiga har ƙashi. Baba kaɗai ne ruwan yake tayarwa. Kullum sai ya ƙara taku zuwa ƙarshen kwamin, yana hira da mutanen da ba ta gani, yana kiransu da sunayen da ta sani tun tana ƙarama: masu wankin da suka rasu, da wani mai kamun kifi da ya nutse ba a ga gawarsa ba. Ta faɗa wa mijinta.

"Ki daina sa shi," ya ce. "Na tambayi injiniyanmu, ya ce ko bututu ɗaya bai bi ta ƙarƙashin ginin nan ba."

Ta daina. Baba kuwa ya daina cin abinci. Ta kai cokali bakinsa ya kau da kai, ya kafa mata ido, ido irin na wanda aka kulle wa ƙofa. Ta daure, ta daure, har ta ga ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ranar nan da tsakar rana, mutane sun tafi cin abinci, ta tura shi ɗakin ƙasa.

Ruwan ya haura bakin kwamin ya malale a ƙasa. Bangon ya jiƙe har rabi, fentin yana ɓarewa.

"Kaɗan za ka yi, Baba, mu fito."

Yana shiga ya miƙe. Ya juyo ya dube ta, karo na farko a cikin ruwan.

"Uwata, kin sha wahala da ni. Allah ya yi miki albarka."

Ya juya ya fara tafiya. Ruwan yana ƙugunsa, sai ta ga ya kai cikinsa. Ya ƙara taku, ya kai ƙirjinsa. Ta san kwamin nan, ita ta share shi da tsintsiya lokacin da yake bushe, shimfiɗe yake daga farko har ƙarshe. Amma ga mahaifinta yana gangarawa kamar mai sauka a kan tudu. Ruwan ya kai haɓarsa.

Ta kurma ihu ta bi shi. Ƙafarta tana kan tayil, ruwan yana ƙugunta, shi kuwa a gabanta saura tsakiyar kansa. Ta cusa hannu ta kamo hammatarsa ta ja. Ya yi nauyi fiye da yadda ta san shi, kamar wani ya riƙe shi ta ƙasa. Ta ja da duk ƙarfinta tana kiran sunan Allah, har ta ji abin ya saki gaba ɗaya, suka faɗi baya tare.

Mai Katin Waya ne ya ji ihun, ya gangaro ya taya ta jawo shi waje. Baba yana tari, yana da rai. Sista ta ɗauko tawul za ta goge masa ƙafa, sai hannunta ya tsaya. Tun daga tafinsa har gwiwa baƙar laka ce mai kauri, da saiwar ciyawa a tsakanin yatsunsa. Ta dubi nata ƙafafun. Fes suke.

Mai Katin Waya bai yi wasa ba ranar. Ya ce a hankali, "Sista, mu rufe ɗakin nan."

Ba a daɗe ba bangon ginin ya tsage, ruwa ya shiga ofisoshi. Gwamnati ta ce laifin ɗan kwangila ne, aka kwashe marasa lafiya zuwa saman wani tsohon bene mai matakala, inda sai an goya mutum kafin ya ga mai gashi. Sista ta ci gaba da aikinta a can. Baba ya koma cin abinci kaɗan-kaɗan, amma bai sake magana ba, kuma ya daina kallon idonta. Ta kasa gane ko fushi yake da ita ko kunya yake ji. Kafin shekara ta zagayo ya rasu a kan gadonsa, tana riƙe da hannunsa.

Bayan an share makoki, wata yamma mijinta ya dawo daga aiki yana cire takalmi a bakin ƙofa.

"Kin ji labari? An ba da kwangilar rushe tsohuwar cibiyarku. Za a sake cike wurin."

Tana tsinke ganye a tire, ba ta ɗago ba. "Me za a gina?"

"Makarantar yara kurame. Da ɗakin kwana, wai."

Ta ajiye tiren a ƙasa. Ta tashi ta ɗauki mayafinta, ta tambaye shi ko ya san gidan Darakta, ta ce sai an ji abin da ta gani kafin a kwantar da yara a wurin nan.