Amshin Ladidi

A gidan suna na fara jin maganar, nan Gusau, daga bakin wata mata da ke cin waina tana zance lokaci guda. Wai a wata ƙaramar makaranta a Bungudu akwai malamar da ke koya wa yara waƙa, kuma duk sa'ad da suka rera wata waƙa tata, wata yarinya da ta mutu takan amsa. Kafin a kwashe kwanuka labarin ya ƙaru. Wata ta ce malamar 'yar bori ce, wata ta ce ai dama kiɗa ke kiran mutanen ɓoye, wata kuma ta rantse an ga yaran suna ajiye musu abinci a kusurwar aji.

Na koyar shekaru masu yawa, na ƙare aikina ina zagayen duba makarantu, kuma na haɗu da aljanu iri-iri. Wani da muka bincika mujiya ce a rufin kwano. Wani bututun ruwa ne. Wani kuwa maigadi ne da ke son a riƙa tashi da wuri. Da na yi shiru na ci wainata, sai dai malamar da ake magana a kanta Mansura ce, 'yar ƙanena.

Na kira ta a waya. Ta ce iyayen yara za su yi taro ranar Asabar, kuma mai makarantar ya gaya mata in ba a sami bayanin abin ba, a ranar za ta bar aiki. Ni da ita mun san babu makarantar da za ta ƙara ɗaukar malamar da aka ce tana kiran matattu. Na tambaye ta ko ita ta ji muryar da kunnenta.

"Goggo, ki zo kawai," in ji ta.

Washegari na shiga ƙaramar bas zuwa Bungudu. A bakin lungun makarantar akwai shagon wani Malam Haliru, mai sayar da burodi da fetur a kwalabe, shi ne kuma shugaban ƙungiyar iyaye. Ya riga ya san ko ni wace ce. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi, sannan ya ba ni labarin. Sunan yarinyar Ladidi, 'yar ajin Mansura ce. Bara da damina aka tare motarsu a hanyar Tsafe, ita da mahaifiyarta, za su Kucheri gaisuwar rasuwa. Daga baya labari ya zo daga daji cewa duk sun mutu, aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Kakarta, Inna Asabe, tana nan a gidan da ke bayan makarantar, ta rufe ƙofa, ba ta karɓar baƙi. Ya ce shi kansa ya sha tsayawa bakin taga lokacin darasin, kuma ya ji.

"Duk abin da kika gano, Hajiya, ki fara faɗa mini kafin kowa, don in san yadda zan lallashi iyaye."

Na ce to.

Makarantar tsohon gida ne aka mayar. Ajin Mansura shi ne na can ƙurya, taga ɗaya, da wani tsohon kabad jingine da bangon baya. Yaran ba su wuce 'yan shekara bakwai zuwa takwas ba. Kayan kiɗan nasu ƙaramar ganga ce, da ƙwarya biyu, da sarewar kara.

Rabin farkon darasin dariya na sha, ina ɓoye fuska da mayafi. Yazid, mai riƙe da ganga, ya ce yau ba za ta yi ƙara sosai ba don azumi take yi. Wani Khalid ya kafa sarewa a hanci yana busawa. Da Mansura ta tambaye shi dalili, ya ce babansa ya ce bakin da ke karatu ba ya busa, amma bai ce komai a kan hanci ba. Sumayya, wata siririya mai wushirya, ta ƙi ɗaga murya, wai innarta ta ari babbar muryar tun safe don yin faɗa da maƙwabciya, ƙaramar kawai ta bar mata. Wata kuma ta zo ta tsaya gabana, ta ƙare mini kallo, ta tambaye ni ko a zamaninmu an riga an fara waƙa.

Sai Mansura ta dube ni, ta ce a yi waƙar kaza.

Ita ta tsara waƙar da kanta don kiran suna. Duk aji ke rerawa: hadari ya taso gabas, kaza na kiran 'ya'ya, ina wane? Wanda aka kira sai ya amsa shi kaɗai: ga ni nan, ban yi nisa ba. Haka za a bi kowa. Ta riga ta gaya mini ta yi ƙoƙarin cire sunan Ladidi, yaran suka ƙi. Khalid ya ce in aka cire suna ɗaya waƙar gurguwa za ta zama.

Tun daga baitin farko ajin ya canja. Masu tsunkulin juna suka daina. Babu wanda ya ce su juya, amma sannu a hankali duk suka ba wa allo baya, suka fuskanci bangon ƙurya. Yazid ya sassauta kiɗan. Aka kira Sumayya ta amsa, aka kira Khalid ya amsa. Sannan suka rera, a hankali fiye da yadda suka kira kowa: ina Ladidi?

Kiɗan gangar ya ci gaba shi kaɗai. Har na fara murmushi.

"Ga ni nan, ban yi nisa ba."

Muryar yarinya ce, siririya, a dushe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ba daga tsayin baki ta fito ba. Daga ƙasa ta zo, kamar ana magana cikin tulu. Yaran suka wuce zuwa suna na gaba kamar ba a yi komai ba.

Na tsayar da waƙar, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yazid ya ce cikinsa ne, bai karya ba. Khalid ya ce ƙadangare ne, wani babba da ke zuwa ɗaukar darasi. Sumayya ta ce ba ta ji komai ba, kunnenta yana hutu. Abu ɗaya na lura da shi. Na san fuskar yaro mai tsoro, na kuma san fuskar yaro mai ƙarya. Babu mai tsoro a ajin nan sai malamarsu.

Na ce a kawo buta. Tsohuwar dabara ce ta kama mai surutu: kowa ya cika bakinsa da ruwa, ya riƙe. Karon farko bai yiwu ba, don Khalid ya haɗiye nasa ya ce ƙishi ne ya yi masa fashi, wani kuma dariya ta kama shi ya feshe na gabansa. Karo na biyu na bi layi na duba kowane kumatu. Na karɓi gangar da kaina, na sa Mansura ta rera ita kaɗai, idona a kan maƙogwaron yaran. Ta kira sunan.

Aka amsa.

Na sa kowa ya tofar da ruwansa a waje, ina kallo. Babu wanda bakinsa ya bushe.

Da aka fita tara na ce ƙafata na ciwo, zan zauna a ajin. Na jingina da bango, na rufe ido kamar gyangyaɗi ya ɗauke ni. Can sai ga Sumayya ta shigo da sanɗa, riƙe da rabin awara a takarda. Ta durƙusa gefen kabad, ta zura hannu bayansa, ta yi raɗa, ta fita.

Gwiwoyina ba sa son durƙuso, amma na durƙusa. A gindin bangon, inda kabad ya rufe, akwai tsohuwar rariya tun lokacin da wurin yake gida, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Awarar ba ta nan. Na lalubo dabino a jakata, na yi bismilla, na tura hannuna cikin ramin har wuyan hannu. Da farko ba komai sai sanyin ƙasa. Sannan wasu 'yan yatsu suka taɓa nawa, suka zare dabinon a hankali. Yatsun da ɗuminsu.

Ban bi ta gaban shago ba. Na zagaya ta lungun baya, inda ake ɗaure awaki, na yi ta sallama a ƙofar Inna Asabe har na gaji. Da ta buɗe, kaɗan ta buɗe, ta ce ba ta da lafiya.

"Inna, na taɓa hannunta," na ce.

Ta fizgo ni ciki da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, ta sa sakata.

Yarinyar tana ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gero, zaune a ƙasa, kafaɗarta manne da bango. Ta rame ƙwarai. Ta dube ni, dabinon yana hannunta, ba ta ci ba. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Kakar ta ce haka take. Wata mai tallan nono ce ta kawo ta lulluɓe cikin mayafi, wata da watanni bayan an yi makokinta. A ranar Ladidi ta yi magana, ta faɗi yadda uwarta ta rasu, ta kuma faɗi wanda ta gani a dajin, wani ɗan unguwar nan da ke kai wa mutanen kaya. Shi ma ya gan ta. Daga ranar bakinta ya rufe. Ko sunanta kakar ta kira, sai dai ta juyo. Waƙar nan kaɗai take amsawa.

Yaran kuwa, sandar kiɗan Yazid ce ta gangara bayan kabad wata rana, ya zura hannu, aka miƙo masa. Inna Asabe ta kwanta a ƙasa ta yi musu magana ta rariyar, ta ce in suka faɗa wa kowa, ko iyayensu, za a sake zuwa a tafi da Ladidi. Tun lokacin ba wanda ya faɗa.

Na tambaye ta ko wane ne mutumin. Ta duba ƙofa, ta matso, ta faɗa mini a kunne.

Da yamma na gaya wa Mansura komai. Ta yi kuka, sannan ta tambaye ni abin da zan ce ranar Asabar. Na ce magana ɗaya ce za ta wanke ta, kuma ta san abin da maganar za ta jawo. Ta share fuska, ta ce a kira mata Sumayya.

An yi taron a tsakar gidan makarantar, a kan tabarmi. Na miƙe na ce na bincika, kuma babu aljani, wasan yara ne, ɗaya daga cikinsu ce ke kwaikwayon muryar. Malam Haliru, da ke zaune a gaba, ya ce shi dai zai so ya ji da kunnensa. Sumayya ta fito, ta sunkuyar da kai cikin hijabi, ta fitar da wata siririyar murya a dushe, sak. Wata uwa ta ce a'uzubillahi, wasu suka fashe da dariya, innar Sumayya ta cire takalmi. Malam Haliru bai yi dariya ba. Ya sa ta sake, ya saurara da kyau, sannan ya gyaɗa kai.

Wani dattijo ya ce to an ji, amma wace irin malama ce za ta bar yara su yi ta wasa da sunan mamaciya, kakarta tana jiyowa ta bayan bango? Kowa ya yarda da shi. Mai makarantar ya tambayi Mansura ko tana da abin cewa. Ta ce babu. Aka sallame ta, aka soke darasin waƙa. Muna fita Yazid ya biyo mu da gangar, ya ce ta tafi da ita, don ba ta cin abinci a hannun kowa sai nata.

Da kaka ta yi, Inna Asabe ta ce za ta koma wurin danginta. Aka loda buhunanta a motar hatsi, ta zauna a baya tare da su, ta ƙi shiga gaba. Ita da yarinyar sun yi nisa yanzu, shi ya sa na rubuta wannan. Mansura tana gidana, ba ta sami wata makarantar ba.

Ladidi ba ta mutu ba. Ita ce ke amsa waƙar, ta rariyar da ke bayan kabad. Mutumin da ta gani a daji yana sauke burodi da jarkokin fetur daga kan babur Malam Haliru ne, kuma shagonsa yana nan a bakin lungun.