Randunan da Na Hana a Gasa

Shekara tara da dawowata daga Bama, fagen yaƙin duniya na biyu, amma Baba Ya'u, mahaifina, bai taɓa ba ni amsar da za a iya rubutawa ba. Duk Wudil an san randunansa. Ni kuwa soja ta koya mini boko, na ɗauka babu abin da zai gagari fensir.

"Baba, yaya ake gane yumɓu ya kwaɓu?"

"Ka ji shi mana."

"In ji me?"

"Au, kai ba ka ji ba?"

Haka muke kullum, har raina ya ɓaci in tashi in bar masa rumfar. Da na gaji sai na sayi littafi na koma leƙensa. Na rubuta kwandon yumɓu nawa yake zubawa, ruwa tulu nawa, kwana nawa randa take yi a inuwa kafin ta shiga wuta. Kwana bakwai ne, na ƙirga ya fi sau goma. Na bi littafin nan tiryan-tiryan na yi gashi uku, kowanne rabin kayan ya dare. Maƙwabta har suna tambaya ko bindiga na dawo da ita.

Idon Baba ya riga ya tafi a lokacin. Ya kira ni gaban Sabo, ɗan ƙanensa, ya ce, "Halliru, saura gashi ɗaya. In ya fashe, ramin yumɓun kakanmu da wurin gashin na Sabo ne, kai ka je Kausani ka riƙe gona." Sabo ya sunkuyar da kai wai shi mai kunya, alhali bakinsa ya ƙi rufuwa.

Na gina randa goma sha biyu a ƙarshen bazara. Ranar Laraba suka cika kwana bakwai, ga kasuwar Juma'a ta matso. An jera kara da itace, Sabo na tsaye da garwashi a kasko, Baba na zaune a kan turmi. Na rungumo randa ta farko na yi taku uku, sai kawai na juya na mayar da ita inuwa. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na ɗaga ta biyu, ita ma hannuna ya ƙi.

"Yaya, wuta fa tana jira," in ji Sabo.

"Ba yau ba."

Baba ya juyo da kunnensa. "Me ya sa? Littafinka bai ce yau ba?"

"Ya ce."

"Danshi ka ji?"

Na shafa gindinta, a bushe ƙarau. Na ƙwanƙwasa, ƙarar da na saba ji ce. Na duba ko da tsaga, babu.

"Ban sani ba, Baba! Ban san komai ba. Amma ba za su shiga wutar nan ba."

Sabo ya ce tsoro ne kawai, kuma ni kaina na fara zargin haka. Baba ya sa shi ya zaɓi ɗaya da hannunsa a gwada. Wuta ba ta gama kama karan ba muka ji fas! Gindin randar ya tashi gefe guda.

Baba ya yi dariya har da tari. Kasuwar Juma'ar nan ta wuce mu. Ranar Asabar hannuna ya yarda, na gasa sha ɗayan, duk suka fito lafiya. Ramin ya zama nawa, Sabo ya kwana biyu ba ya amsa sallamata.

Na ɗauko littafin na zauna kusa da Baba, na lashi bakin fensir.

"To yanzu tunda na iya, don Allah gaya mini abin da na ji."

"Kai da ka ji shi ranar Laraba? Kai za ka gaya mini. Ni shekara arba'in ina tambayar kaina."

Ya rasu kafin a yanke geron shekarar. Littafin yana nan a cikin akwatin sojana. A shafin ƙarshe na rubuta "Laraba", har yau ban samu abin da zan ƙara a gabanta ba.