Ƙirjin Kafinta

"Ɗaga rigar mu gani," in ji Sista, tana ajiye jakarta a bakin gado.

Kafinta ya yi murmushi, numfashinsa na fita da ƙyar. "Shekara goma sha ɗaya kina leƙen ƙirjin nan, maƙwabciya. Ba ki gaji ba?"

"Ƙirjin da na fi ka sani? Ɗaga."

Matarsa ce ta ɗaga masa. Tabon yana nan, dogo, da rami a tsakiya inda aka kankare ƙashi. Sista ba ta manta ba. An yi masa aikin jijiyoyin zuciya, sati biyu ɗinkin ya yi ruwa, aka sake buɗe shi har sau biyu. Lokacin ba ta daɗe da barin aikin asibiti ba, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Wata bakwai tana wanke ciwon safe da yamma, yana cizon filo, yana yi mata ba'a wai hannunta ya fi zarto kaifi. Likita ya ce da wuya ya ga baɗi. Ya gani, ya aurar da 'ya'ya uku. Sai dai an hana shi ɗaukar nauyi, guduma ta gagare shi.

Yau tabon lafiya lau. Zuciyar ce ta gaji, ƙafafun sun kumbura. Ta sauke rigar.

Autarsa ta shigo rungume da jaririya.

"Kawo ta nan," ya ce, yana dafa ƙirjinsa.

"Baba, likita fa ya ce..."

"Jikoki shida, ban taɓa kwantar da ko ɗaya a nan ba. Sai a cinya, kamar baƙo." Ya dubi Sista. "Ke ce alƙali."

Sau nawa ta hana shi? Ta karɓi yarinyar, ta kwantar da ita a hankali bisa tabon, ta tallafe ta da hannu ɗaya. Ya rufe ido.

"Cire hannun."

Ta cire.

"Ashe haka nauyinsu yake," ya ce. "Wannan ai ba ta kai rabin katako ba."

Suka yi dariya, matarsa ta juya fuska bango.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, Sista na shara ta ji kuka ta bayan katanga. Ta jingina tsintsiyar, ta daɗe a tsaye kafin ta nemi takalmi.

Da aka kai Kafinta makwancinsa, mutane suka watse, sai hadari ya haɗo. Tana fitowa daga ɗakin matarsa sai ta ga rigarsa guda a kan igiya, an wanke tun jiya, an manta da ita. Ta cire ta, ta ninke hannuwan a ciki. Ta tsaya a tsakar gidan da rigar a hannu, yayyafi na sauka, ta rasa wanda za ta miƙa wa.